Caji Yau Akwai, Gobe Babu: Yadda Za Ka Kama Ɓarawon Wuta a Mashin Ɗinka

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau maganar mashin za mu yi, kuma maganar wuta: mashin ɗin da yau yana cajin batir, gobe ya ƙi, jibi ya dawo kamar ba shi ba.

Na san wani zai ce, yau kuma an koma gareji? To ka tsaya ka ji. Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta nufi Shagari da Tambuwal ya san mashin ba kayan ado ba ne a wurinmu. Da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da gida. Da shi ake fito da albasa da tumatir daga fadama. Da shi malamin firamare ke zuwa makarantar ƙauye, kuma da shi ake ɗauko mai naƙuda da tsakar dare daga ƙauyukan Danchadi ko Dingyadi ko Kajiji zuwa asibiti. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ribar mai mashin ta zama siririya. Kuɗin da za a kashe a kan kayan gyaran da ba su lalace ba, kuɗin cefane ne.

Matsalar da ta tsaya cak tana da sauƙi: mashin ya ƙi, an duba, an gani, an gyara. Mai wahalar ita ce mai zuwa ta tafi. Ka tura mashin har gaban mai gyara, da isarka ya warke. Mai gyara ya murza makulli, hon ya yi ƙara, sigina ta kama, ya dube ka ya ce, "Malam, ai mashin ɗin ga lahiyatai lau." Ka matsa, sai ya ce batir ne. Ka sayi sabo. Bayan sati biyu ya sake mutuwa, a ce rektifaya ce. Ka saya. Bayan wata guda a ce koyil ne. Ka canza abu uku, alhali wata 'yar waya ce ta saki a ƙarƙashin kujera. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da nake so mu ɗauka a shirin yau guda ɗaya ne: matsala mai zuwa ta tafi ba a kama ta da canjin kaya, ana kama ta ne da awo, kuma a daidai yanayin da take fitowa.

YADDA WUTAR KE TAFIYA

Mu ɗauki misalin noman rani a bakin madatsar ruwan Shagari. Akwai injin ban-ruwa, akwai tiyo, akwai tankin da ake tara ruwa. Haka wutar mashin take.

Injin ban-ruwan shi ne koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke cikin murfin inji ta gefen hagu. Akwai wani kwanon ƙarfe mai maganaɗisu da ke juyawa a kansa in inji na aiki, wannan juyawar ce ke haifar da wuta. Dabarar tsohuwa ce, Michael Faraday ya gano ta a Ingila tun 1831. Sai dai wutar da koyil ke bayarwa mai kai-komo ce, wadda ake rubutawa AC, kuma tana ƙaruwa duk lokacin da ka ƙara totur. Batir kuwa ba ya shan irinta, miƙaƙƙiya yake so, wato DC.

Nan rektifaya ke shigowa, ƙaramin ƙarfen nan mai haƙarƙari. Aikinta biyu: ta miƙar da wutar, sannan ta tsare ta kada ta wuce ƙima. Rarar wutar kuma zafi take komawa, shi ya sa aka yi mata haƙarƙarin, don iska ta riƙa hura ta. Daga nan sai wayoyi da soket da fiyus su kai wutar batir, wanda shi ne tankin. Akwai kuma hanyar dawowa, wato wayar da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen mashin. Mutane na raina ta, amma in ta yi tsatsa komai ya rikice.

Ka lura, batir ba ya ƙirƙirar wuta, ajiya kawai yake yi. In tanki ya ƙafe, mai hankali ba ya fara fasa tanki, sai ya duba ko inji na turo ruwa, ko tiyo ya huje.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Yawancin ƙananan mashinan da muke hawa, irin su Boxer na Bajaj da na Honda da na ƙasar Sin kamar Jincheng da Haojue, suna da kiki, kuma da yawansu suna tashi da kiki ko da batir ya mutu murus. A wasunsu ma fitilar gaba kai tsaye take shan wuta daga koyil, shi ya sa take dishi-dishi a silo, ta yi haske in ka ja totur. Saboda haka "ai yana tashi" ko "ai fitila na kamawa" ba shaida ba ce cewa batir na samun caji. Hon da sigina da sitata su ne ke fara tona asiri.

KAFIN KA TAƁA KOMAI, KA ZAMA ƊAN SANDA

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai gyara minti goma yake yi da mashin ɗinka, kai kuwa wuni kake yi a kansa. Don haka aikin farko naka ne: ka lura da lokacin da abin ke faruwa. Kwana uku ko huɗu kana rubutawa a wayarka ya isa. Abubuwa huɗu ne suka fi tayar da irin wannan matsala.

Na farko, zafi. In da safe komai lafiya, amma in ka yi doguwar tafiya, a ce daga Bodinga zuwa Shagari da rana tsaka, sai hon ya shaƙe, zargi na kan koyil ko rektifaya. Wayar koyil tana da wani siririn fenti da ke hana ta taɓa 'yar uwarta. In ya ƙone ko ya tsage, da sanyi ba a gani, amma da ƙarfe ya yi zafi ya buɗe sai wuta ta gauraye ko ta yanke. Ya huce, ta dawo. Mu kuma a nan daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, ka ga abin nema ya samu.

Na biyu, girgiza. In a kwalta lafiya lau, amma da ka sauka hanyar ƙauye mai gargada sai wuta ta riƙa ƙiftawa, ka nemi abin da ya saki: kan batir, gidan fiyus, soket, ko wayar da ta karye a cikin robarta, daga waje ba a gani. Wurin da aka fi samun wannan shi ne wuyan mashin, inda wayoyi ke lanƙwasawa duk lokacin da ka juya kai.

Na uku, ruwa. In abin na zuwa ne bayan an yi ruwan sama, ko ka ratsa kududdufi da damina, ko ka fito daga wurin wankin mashin inda ake fesa ruwa da ƙarfi, to laima ta shiga soket. Ƙurar hunturu ta taru a ciki, ruwa ya same ta, sai ka ga wata tsatsa kore-kore a kan ƙarafan.

Na huɗu, lodi. Koyil ɗin ƙaramin mashin wutarsa ƙididdigaggiya ce. Kwan fitilar gaba kaɗai yakan ci wat 35. Sai mu zo mu ƙara sifika, da fitilun ado, da hon irin na tirela, da cajar waya. In abin da ake sha ya fi abin da ake zubawa, musamman ga mai gajeren zirga-zirga a cikin gari da yawan tsayawa a silo, batir zai riƙa ramewa ko da babu abin da ya lalace. In matsalarka da dare take fitowa, a nan za ka fara dubawa.

AWO, DAGA MAI ARAHA ZUWA MAI TSADA

Kayan aikin ɗaya ne, ƙaramar mitar awon wuta, irin wadda masu gyaran waya da masu haɗa sola ke amfani da ita. Kuɗinta bai kai na sabon batir ba. In kuna da tasha, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya ku ajiye wurin shugaba. Ƙarfin wuta da bolt ake auna shi, wato V ɗin nan da ke jikin batir, 12V.

Mataki na ɗaya, ido da hannu. Kashe mashin. Kama kan batir ka girgiza, bai kamata ya motsa ba. Cire fiyus ka duba ko ƙarafan da ke riƙe da shi sun saki. Bi wayar da ta fito daga murfin inji har zuwa soket ɗinta, ka zare ka leƙa ciki. In robar ta narke, ko ta yi baƙi, ko tana warin ƙuna, ka sami babban wanda ake zargi. Haɗin da ya saki yana yin zafi, zafin ya ƙara sakar da shi, haka har ya cinye soket ɗin. Kwance notin wayar da ke jikin ƙarfe, ka kankare wurin har ya yi ƙyalli, ka mayar ka ɗaure tamau. A mashinan Honda da masu bin tsarinsu wannan wayar koriya ce, ja ita ke zuwa batir, rawaya da fara daga koyil suke. Wasu kamfanonin launinsu daban ne, kada ka rantse da launi.

Mataki na biyu, batir shi kaɗai. Bar mashin ya huta kamar awa ɗaya. Juya mita zuwa DC, lamba 20. Jan tsinke a kan alamar tarawa, baƙi a kan alamar ɗebewa. Cikakken batir zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.4, ya ɗan sauka. In ya yi ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa, a kai shi caji kafin a ci gaba, don awo da mataccen batir yana ba da labarin ƙarya. In mashin na da sitata, danna kana kallon mita. In lambar ta faɗo ƙasa da 9.5 bayan an cika shi da caji, batir ɗin ya gaji.

Mataki na uku, tayar da inji, mita na nan a kan batir. Ja totur zuwa tsaka-tsaki ka riƙe. Lambar ta kamata ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 ta tsaya. In ba ta motsa daga 12 da 'yan kai ba, caji ba ya isowa. In ta wuce 15 tana ta hawa, rektifaya ta daina tsarewa, ko hanyar dawowarta ta lalace. Wannan shi ke sa ƙwan fitila yawan ƙonewa, ruwan batir ya riƙa ƙafewa, batir ya kumbura, wani lokaci har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Yanzu kunna fitila da sigina, taka birki, ka sake jan totur. In da lodi lambar ta kasa wuce 13, ana sha fiye da yadda ake zubawa.

Mataki na huɗu, kuma a nan gizo ke saƙar. Duk awon da muka yi zai iya fitowa daidai, tunda matsalar ba kullum take nan ba. To sai ka kira ta. Inji na aiki, wani ya riƙe totur yana kallon mita, kai kuma ka riƙa motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Girgiza soket ɗin koyil. Girgiza na rektifaya. Taɓa gidan fiyus. Juya kan mashin dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Ɗan ƙwanƙwasa rektifaya da ƙotar sukundireba. Inda ka taɓa lambar ta yi tsalle ko ta faɗi, ka kama ɓarawo da hannu a cikin tukunya. Ka yi a hankali da salansa da sarƙa.

In zafi kake zargi, ka auna da safe ka rubuta lambar. Sa mita a aljihu, ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30, ka tsaya a gefen hanya, kada ka kashe inji, ka sake aunawa nan take. Da safe 14.2, da zafi 12.3? Ka sami amsar da mai gyara ba zai taɓa gani a inuwar garejinsa ba.

Mataki na biyar, raba gardama tsakanin koyil da rektifaya, tun mashin na da zafi. Kashe inji, zare soket ɗin wayoyin caji da suka fito daga koyil. Juya mita zuwa AC, lamba 200, ka tayar, ka auna abin da koyil ke turowa. Ya kamata lambar ta riƙa hawa sumul yadda kake ƙara totur. In tana hawa lafiya amma batir ba ya samu, laifin na rektifaya ne ko wayoyin da ke tsakani. In ta yi rauni ko tana yankewa, koyil ne. Lambar daidai ta bambanta daga mashin zuwa mashin, kuma a wasu an ɗaure ƙarshen koyil ɗin da jikin inji tun daga kamfani. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami abokinka mai irin mashin ɗinka sak, wanda ke lafiya, ku auna nasa ku gwada da naka. Ko ka ari rektifayarsa na wuni ɗaya. In matsalar ta ɓace, ka saya da hujja.

Mataki na shida, ɓarawon dare. Wani mashin yana caji lafiya, amma kullum da safe batir ya kwana da yunwa. Da yamma ka auna ka rubuta, ka cire wayar alamar ɗebewa, ka bar shi ya kwana. In da safe ya sauka sosai duk da ba ya haɗe da komai, batir ɗin ne ke zubar da wutarsa. In ya riƙe, amma ran da ka bar shi a haɗe ya sauka, wani abu na tsotsa: sau da yawa cajar waya ce ko sifikar da aka jona kai tsaye ba ta bi ta makulli ba, wani lokaci kuma rektifayar da ta fara lalacewa.

ABUBUWAN DA KE ƘARA WA BORNO DAWAKI

Akwai al'adun da muka saba gani da ke mayar da ƙaramar matsala babba. Goga waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi: wannan kan iya kashe rektifaya mai lafiya. Cire batir inji na aiki don a ga ko zai mutu: ba ya nuna komai a mashin mai tashi ba batir, kuma yana iya ƙona maka ƙwan fitila. Fiyus ya ƙone a naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari: fiyus mai gadi ne, in ya ƙone akwai dalili, kuma tankin mai na nan sama da wayoyin. A mayar da mai lamba irin wadda aka cire. Murɗa waya da hannu a naɗe da leda: wannan ita ce uwar matsala mai zuwa ta tafi, a sa dalma a liƙe. Sai kuma rufe rektifaya da tsumma ko kayan ado har iska ta daina samunta.

Batir mai ruwa kuma, ruwan batir tatacce ake ƙara masa. Ruwan rijiya da na leda suna da gishirin da ke kashe shi. Kuma ka sani zafi maƙiyin batir ne: ƙa'idar da masana ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. In da inuwa, ka ajiye mashin a inuwa. In za ka kwance batir, fara cire wayar ɗebewa, in za ka mayar ita ce ta ƙarshe. Cire zoben hannunka, kuma ban da sigari a kusa, don batir na fitar da iska mai kamawa da wuta.

IN KA JE WURIN MAI GYARA

Ba ina cewa kowa ya zama mai wayarin ba, kuma ba ina zagin masu gyara ba. Da yawansu 'yan uwanmu ne matasa da suka koyi aiki da ido da kunne, babu wanda ya taɓa ba su mita ya nuna musu. Amma akwai bambanci tsakanin ka ce "Oga, mashin ba ya caji" da ka ce "Oga, da safe yana ba da 14, in na yi tafiyar rabin awa sai ya faɗo 12, kuma in na juya kai hagu hon na yankewa." Na biyun ka rage masa rabin aiki, ka kuma rufe ƙofar lalube.

Haƙƙinka ne ka ce a auna a gabanka kafin a cire komai. Haƙƙinka ne a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a sake aunawa. Haƙƙinka ne a ba ka tsohon kayanka ka tafi da shi, don in ba shi ne ba, ka mayar. In an tabbatar sai an saya, ka tuna araha ba ta ado: jabun rektifaya na iya tafiya da sabon batir ɗinka. Kuma in rektifaya ta ƙone, a tambayi abin da ya ƙona ta, in ba haka ba sabuwar ma hanyar za ta bi.

Ga ƙannenmu da suka gama sakandare suna zaune, da masu koyon aiki a gareji: wannan gurbi ne a buɗe. Ku dubi yawan mashinan da ke taruwa ranar kasuwa a Bodinga ko Shagari, ku ƙirga masu gyara nawa ne ke da mita suka kuma iya karanta ta. Wanda ya iya wannan awon, aka san ba ya sa mutane asara, ba zai rasa layi a bakin rumfarsa ba. Ilimin nan kuma shi ne dai na sola da inbata, ƙofa ɗaya ce mai buɗe ɗakuna da yawa.

Magana ta ƙarshe ta fi kuɗi nauyi. Mashin ɗin da wutarsa ke ɗaukewa ba ya sallama kafin ya ɗauke. Yana iya yi maka a kan babbar hanya da dare, tirela na tahowa, ga fasinja a bayanka, babu fitilar baya, babu hon. In ka ga alama, kada ka ce sai ya mutu gaba ɗaya. Ka daina fita da dare har sai an gano inda take.

Wanda ya gwada matakan nan, ya rubuto mana a ƙasa irin mashin ɗinsa da lambobin da ya samu, da sanyi da kuma zafi, mu duba tare. Masu wayarin da ke bibiyarmu, ku ma ku shigo ku ƙara mana da abin da kuke gani a wurin aiki. A tura wa ɗan uwa mai mashin, musamman 'yan kabu-kabu, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.